Igiyar Ustad Zarwali

Duk wanda ya san layin makanikai na Mardan ya san igiyar nan da ke rataye a saman ƙofar garejin Ustad Zarwali. Igiyar jan mota ce mai kauri. Ya saye ta ranar da ya buɗe garejin, kuma shekara talatin da huɗu ba a sauke ta ba, har tsuntsaye sun yi sheƙa a cikinta. In baƙo ya tambaya, sai Ustad ya nuna ta da haɓa ya ce tana jiran ranar da injin da ya fita daga hannunsa zai mutu a hanya ne. Ba shi da gona, ba shi da gidan kansa. Igiyar nan ita ce duk abin da ya tara a duniya, kuma ni ne na sa aka sauke ta.

Gajeren mutum ne mai gemu ja da lalle, ga zuciya a kusa. Ba ya amsa sallama daga baya. Ko kai wane ne, sai ka zagayo gabansa ya zuba maka ido kafin ya kula ka. Ba ya riƙe waya, wai inji ba a gyara shi ta iska. Mu dai mun ɗauka girman kai ne, muna kuma yafe masa saboda hannunsa.

Injin a-kori-kura kaɗai yake haɗawa, na masu ɗaukar kaya da masu jan tirela. In saurayi ya zo yana son motar da za ta yi gudu, sai ya nuna masa titi ya ce ya je ya sayi doki. Shi injinsa na ja ne: ya hau dutse da kaya a hankali ba tare da ya yi zafi ba, ya kuma tashi da murɗa makulli ɗaya ko da ruwa ya daskare a randa. Yakan sa lagireto babba na ƙaramar babbar mota, da kuloci mai nauyin da sai ƙafarka ta yi tsami. Kowane fistin sai ya ɗora shi a sikelin mai sayar da kayan yaji na maƙwabta, don kada wani ya fi wani. Idan ya gama, ya tayar da injin, sai ya ɗauko doguwar sukudireba ya dafa bakinta a jikin ƙarfen. Sauran makanikai a kunne suke kara mariƙin. Shi a haƙori yake cizawa, ya lumshe ido. Muna yi masa dariya cewa ɗanɗana inji yake yi.

Ni sunana Misal Khan, kiwon ƙudan zuma ne sana'ata tun daga kakana. Mu bin fure muke yi. Da zafi ya sauka Mardan furanni sukan ƙare, dole a rufe akwatuna a haura da su tsaunukan Swat masu sanyi, kuma hanya ɗaya ce, hawan dutsen Malakand. Akwati sittin gare ni, rabi a bayan mota, rabi a tirela. Shekarar da nake ba da labari injina ya buga a watan Afrilu, na kai wa Ustad. Ya ce kwana ashirin. Na ce ƙudan ba za su kai ba. Ya ce to in kai wa mai yi a kwana uku.

Kwana ashirin ɗin nan na rame. Kullum ina zaune a benci wajen Lala Gulab mai shayi, da ke daura da garejin, ina kallon Ustad yana goge ƙusa ɗaya kamar zai kai ta gasa. Ƙudan nan kuwa sun fara cin abin da suka tara, zafi yana ƙaruwa.

A layinmu ba a raba jalebi, wato soyayyen kayan zaƙin da ake murna da shi, ba a ɗaura wa mota baƙin ƙyallen kambun baka, sai makaniki ya shafa gemu ya ce an gama. Daga nan aiki ya rufu, buɗe shi abin kunya ne ga mai mota da makaniki duka. Na san wannan sarai. Amma ranar da za a tayar da injin, ɗoki ya ɗebe ni. Ustad yana murɗa makulli, injin ya tashi da wani sauti mai daɗi, lafiya lau, na yi wa Lala Gulab alama ya fito da farantin jalebi. Na ɗaura ƙyallen da hannuna. Makanikai suka taru suna cin jalebi suna yi mini barka, Ustad kuwa yana sunkuye cikin mota da sukudireba a haƙori, bai ma san ana yi ba.

Ana cikin haka sai sarƙar da ke riƙe da wani tsohon inji a garejin maƙwabta ta tsinke. Injin ya faɗo kan tulin kwanon rufi, taku uku a bayan Ustad. Ƙarar ta kai har bakin titi. Lala Gulab ya saki faranti, wani ya faɗa kwata, ni kaina sai da na kwanta a ƙasa. Da na ɗago, Ustad yana nan yadda yake, ido a lumshe, ko gezau.

Na dubi Lala Gulab, ya dube ni, bakinsa a buɗe. A take komai ya dawo mini: sallamar da ba ya amsawa, wayar da ba ya riƙewa, idon da yake kafe mana a baki. Mutumin da duk Mardan ke kawo wa inji don ya saurara, ashe ko tsawa ba ya ji.

Ya kashe motar, ya juyo, ya ga jalebi a hannun mutane da ƙyalle a ɗaure. Fuskarsa ta canza.

"Wa ya ce an gama? Akwai abin da ke taɓawa a ƙarƙashin fistin na uku. Sai na sake buɗewa. Kwana huɗu."

Na ce ba na jin komai. Makanikai biyu suka kara kunne, suka ce su ma ba su ji ba. Ya ce shi ya ji. Da na yi shiru a nan, da yanzu ina da bakin ba da labarin nan ba kunya. Amma kwana huɗu ɗin sun tsaya mini a wuya, ga mutane sun riga sun ci zaƙina. Na matsa gabansa, yadda zai ga bakina da kyau.

"Ka ji da me, Ustad? Inji ya faɗo a bayanka yanzu, duk layi ya razana, kai ba ka motsa ba. Kurma ne kai. Tun yaushe kake yaudararmu?"

Ya waiwaya ya ga injin da ya faɗo da kwanon da ya lotse. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba, shekara goma sha ɗaya. Ya miƙo mini makulli ya shige ciki. Babu wanda ya ƙarasa jalebinsa.

Washegari da sanyin safiya na ɗaura tirela na kama hanya. Har garin Dargai injin nan yana tafiya kamar ruwa, ina ta yabon kaina. A lanƙwasa ta biyar ta hawan Malakand na fara jin bugu, ƙasa-ƙasa, sannan kamar ana daka a turmi. Kafin in sami inda zan raɓe, injin ya ɗauke. Rana ta ɗaga, babu inuwa, akwatuna a rufe. Na kara kunne na ji kukan ƙudan ya canza, ya zama irin na zafi. Awa ɗaya a haka, sai dai in kwashe gawa. Na zauna a gefen hanya na dafe kai.

Wata tsohuwar mota ta tsaya a gabana, Ustad ya fito. Tun daga Mardan yake bin bayana nesa-nesa. Bai dube ni ba. Ya kwance tirelar ya ɗaura wa tasa, muka mayar da sauran akwatunan bayan motarsa, ya haura da su har bakin rafi kusa da Batkhela, muka buɗe su a inuwa. Akwati biyu kaɗai na rasa. Sai da muka dawo wajen motata na ga abin da ke kan kujerarsa. Igiyar ce, da ciyawar sheƙar tsuntsu a jikinta. Tun kafin in tashi ya sauke ta. Ya ɗaura wa motata, ya ja ni muka juyo Mardan.

Da muka iso bakin gari na yi masa fitila ya tsaya. Na je gabansa na roƙe shi mu bi ta bayan makabarta mu shiga garejin ta baya, ko mu ce tayata ce ta samu matsala. Na ce laifina ne, kowa ya ji ya hana ni.

"Injina ne ya mutu a hanya, mai zuma. Hau ka riƙe birki."

Ta tsakiyar layin ya bi, ido na ganin ido, a hankali kamar masu rakiyar gawa. Makanikai suka fito suka jeru. Lala Gulab ya rufe fuska da mayafinsa. Ina biye a ƙarshen igiyar, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ya buɗe injin, wani ɗan siririn ƙarfe ne a ƙarƙashin fistin na uku, sabo fil daga kwali, da lahanin da bai kai kaurin gashi ba. Daidai inda ya faɗa. Na ɗauka wannan zai wanke shi, na bi layi ina nuna wa mutane ƙarfen. Kowa ya jinjina kai ya ce Ustad ba dama. Amma da injin mutum ya lalace, sai ya wuce garejin ya kai wa mai kunne. Kafin shekara ta zagayo ya rufe, ya koma ƙauyensu wajen 'yarsa.

Aikin ƙarshe da ya yi nawa ne, kwana tara ya ɗauka a kai ban matsa masa ba. Yau shekara tara ina hawa Malakand da injin nan da akwati tamanin, bai taɓa ko tari ba. Duk kaka nakan kai masa zuma. Yakan karɓa, ya fito ya ce in tayar da motar, ya dafa tafin hannunsa a jikin motar ya lumshe ido, sannan ya koma ciki. Ranar da ya rufe garejin ya jefa igiyar a bayan motata ya ce in riƙe, shi ta gama masa aiki. Tana nan ƙarƙashin kujerata, ban taɓa buƙatarta ba.