Miyar Korin Japan a Gaban Surukata

Surukata ta zo wurinmu Greensboro ta Amurka daga Damagaram bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa mata maƙogwaro. Likita ya ce abinci mai laushi da kauri kawai, ba yaji, kuma kada a kuskura a bar ta ta ci ita kaɗai, don tana iya shaƙewa. Ya ƙara da cewa in ta ci gaba da ramewa, sai a huda ciki a sa mata robar abinci. Ita kuwa ta rantse gara a mai da ita gida ta mutu da cikinta ba huji.

Matata tana shif ɗin safe a gidan kula da tsofaffi, ni kuma aikina a wani sito ne a Wendover, sai la'asar nake fita. Abincin rana ya faɗo kaina ke nan. To ga inda gizo ke saƙar: shekara goma sha huɗu ina auren 'yarta, Hajiya ko ruwa ba ta taɓa sha ina wurin ba. Da wannan kunyar ni ma na tashi, ban ga laifinta ba. Amma yanzu in na tsaya ba ta ci, in na fita ban san abin da zan tarar ba.

Wani abokin aikina, wanda uwarsa 'yar Japan ce, shi ya koya min miyar korinsu, ya ce tsofaffinsu na sonta don ba zafi, ga kauri. Na sayo ta kwali, na duba bayanta, na ga kitsen alade, na yi tsaki na jefa a shara. Sai na koma haɗa tawa. Man shanu da fulawa a ƙaramar wuta har su yi ja, sannan garin kori. Albasa kuwa na yi ta juyawa kusan awa guda har ta narke ta yi zaƙi. Dankali da karoti na dafa su luguf na murje, shinkafar ma na caɓe ta.

Ranar farko Hajiya ta ce Allah ya yi albarka, ta ture kwanon. Na san dalili sarai, amma na ɗora wa miyar laifi, don ita nake iya gyarawa. Washegari na goga tuffa a ciki, na sa cokalin zuma. Ba ta taɓa ba. Rana ta uku haushi ya sa na daka daddawar da ta zo da ita daga gida na zuba, ina cewa 'yan Japan su yafe min. Da ƙamshin ya tashi sai na ga ta ɗago kai. Ranar ma ba ta ci ba, kuma wallahi tsoro ya fara shiga na, don zobenta ya soma yawo a yatsa.

Rana ta huɗu na dafa ƙashin rago da ɗan nama a jikinsa, na tsame, na yi miyar da romon. Afatmen ɗinmu ba bango tsakanin falo da kicin, don haka na ajiye mata kwanon, na ja kujera gaban taga, na zauna na ba ta baya. Na ƙura wa motocin da ke wucewa a ƙasa ido, kunnena na wurinta. Can na ji cokali ya taɓa kwano. Ɗaya, biyu, har biyar, ina hamdala a zuci.

Sai shiru. Na so in juya, kunya ta riƙe ni. Na ce bari in ƙirga uku. Kafin in kai, na tuna wata nas a asibiti ta ce wanda ya shaƙe da gaske ba ya tari. Na waiwaya na ga idanunta waje, hannunta mai lafiya a wuya, bakinta buɗe ba sauti.

Matar da ban taɓa ko miƙa wa hannu ba, ita na ɗaga ta baya, na rungume cikinta na matsa da ƙarfi. Na sake. A na uku wani ɗan nama ya faɗo kan kafet, bai fi ƙwayar wake ba. Naman da na ce na tsame ne. Ta ja numfashi mai ƙara, ta janyo mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na durƙusa nesa da ita.

Sannan ta yi magana daga cikin mayafin.

"Kada ka gaya wa yarinyar nan ka taɓa ni."

"Hajiya, shaƙewar dole in faɗa mata, ita da likita. Sauran zan rufe. Amma ba zan ƙara ba ki baya ba. Ko ki ci ina kallo, ko su sa robar."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na ɗauki kwanon, na tace miyar da rariya sau biyu, na ɗumama, na dawo na zauna a gabanta. Daga nan ta sauke mayafin zuwa haɓa, ta juya ido ga bango, ta ɗauki cokali. Hawaye na zuba mata tana haɗiya, ni kuma ina kallon maƙogwaronta, har ta cinye.