Laminu da Gugan Fari na Rijiyarmu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Laminu, wanda mutanen Tasawa suka fi sani da Mushe Laminu, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, malamin tarihi a kwalej. Ɗalibansa suna tuna shi da dariyarsa da tsaurinsa wajen ba da maki. Ni kuwa ƙanwarsa, duk lokacin da ya faɗo mini a rai, rijiyar ƙauyenmu da ke gefen Korgom nake gani, da wata damina da Baba ya yi yana amsa gaisuwarsa da ka kawai.

Laminu ɗan fari ne, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba. "Yaron nan" yake ce masa, har yaron nan ya yi furfura a gemu.

A shekarunsa na ƙarshe ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Akwai wani kundin ilimi a intanet da kowa ke iya rubutu a ciki, kowa kuma ke iya gyara abin da wani ya rubuta. Ya leƙa ya ga an yi bayanin biranen Turai da Hausa tsaf, amma babu Korgom, babu Kanan-Bakashe, babu Atantane. Abin ya tsaya masa a rai. Ran da babu lakwal, wato makaranta, sai ya hau babur ya bi kasuwannin ƙauye yana tambaye-tambaye, ya dawo ya zauna gindin bishiyar bedin ƙofar gidansa, inda rezon waya ya fi kamawa, yana danna waya da yatsa ɗaya. Mukan yi masa tsiya mu ce kafin ya gama ƙauyukan yankin Mayahi yatsan ya ƙare.

Dokokin kundin biyu ya riƙe kamar farilla: duk abin da ka rubuta sai ka nuna inda ka samo shi, kuma ba a ɗaukar rubutu ko hoton wani sai da izininsa. Akwai wani hoton rijiyarmu mai kyau a cikin ɗan littafin da wasu baƙi masu aikin ruwa suka bari. Na ce masa ya ɗauka da waya ya sa, wa zai sani? Ya ce hoton yana da mai shi, ko da mai shi bai san an ɗauka ba. Ya tashi takanas ya je ƙauye ya ɗauko nasa, hoton ya fito a karkace, ga rabin jakin wani a gefe. Shi ne a shafin har gobe.

A ƙauyenmu, duk lokacin da aka yashe rijiyar, gidan wanda ya gina ta ne ke jan gugan fari kafin kowa ya ɗiba. Baba ke ja tun bayan rasuwar mahaifinsa, domin mun tashi mun ji Kaka Baro ne ya gina ta. Gidan Jibo, maƙwabtanmu, sun daɗe suna gunaguni cewa kakansu ne, amma ba su taɓa fitowa fili ba. Da Laminu ya zo rubuta ƙauyen, abin da ya sha a nono ya rubuta, wato Baro ne ya gina rijiya. Aka karanta wa Baba a bakin masallaci, ya wuni yana murmushi.

Ba a daɗe ba wani ɗan Damagaram, shi ma mai rubutu a kundin, ya cire jimlar ya bar tambaya a shafin muhawara cewa ina madogara. Laminu ya mayar, mutumin ya sake cirewa. Na ga yayana ya fusata yadda ban taɓa gani ba. Wai mutumin da bai taɓa shan ruwan rijiyar ba shi zai gaya masa wanda ya gina ta! Ya rubuta masa cewa ubansa ne madogararsa. Ɗan Damagaram ya amsa cikin ladabi cewa ba ya ƙaryata dattijo, amma idan gobe wani ya zo da maganar nasa uban, da me za a raba su?

Wannan tambaya ce ta kwantar da Laminu. Ya san wanda zai zo gobe, domin katangarmu ɗaya da shi. Bai sake mayar da jimlar ba. Sai ya roƙi gidan radiyon karkara su ba shi fili, ya tara dattawan gidajen biyu da wata tsohuwa da ba ta da dangi a kowane ɓangare, kowa ya faɗi abin da ya ji a gun magabata, aka naɗa aka watsa. Tsohuwar ta ce Baro ne ya soma gina, ya tarar da dutse ya dakata, kakan su Jibo ya ɗauko magina daga wajen Mayahi suka fasa dutsen har ruwa ya fito. Laminu ya rubuta duka maganganun uku, kowace da mai ita, ya jingina su da shirin radiyon. Ɗan Damagaram bai taɓa ko harafi ba.

A ƙauye kuwa magana ta tashi. Mai gari ya yanke cewa daga yanzu gugan fari karɓa-karɓa ne, in an yashe rijiyar wannan karon gidanmu, karo mai zuwa gidan Jibo. Ran da Baba ya tsaya cikin jama'a yana kallon wani na jan igiyar da ya saba ja, na tausaya masa ƙwarai. Da Laminu ya zo ya durƙusa, abin da Baba ya ce masa ke nan: "Mun kai ka lakwal don ka ɗaga gidanga, kai ko ka raba shi da maƙwabta." Laminu ya tashi, na raka shi. A hanya ne ya gaya mini cewa da zai iya ba Baba gugan nan har abada da ya ba shi, amma ba da shafin da jikokin Jibo ma za su karanta ba. Sun shirya daga baya, irin shirin uba da ɗa da ba a tada zancen. Sai ga ƴar gajeriyar rashin lafiya ta ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Saƙon murya na yawo waya zuwa waya, ba a san bakin da ya fara fitowa ba. Hoton kowa ya zama na kowa. Har an ce na'ura na rubuta tarihin gari kafin a gama alwala. Ina jin da zai yi dariyar nan tasa, sannan ya tambayi na'urar wa ya gaya mata. Amma da zai ji daɗin ganin tsofaffin ɗalibansa sun ƙara ƙauyukan da bai kai ba, kuma suna muhawara da juna ba zagi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne abin da ya faru kafin damina. Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, kuma duk zuwana yakan sa in karanta masa shafin ƙauyen, wai don ya ji ko an ƙara wani abu. Wannan karon da na kai kan rijiya sai na ga maganganun uku sun koma ɗaya: Baro ne ya gina ta. Ashe Ma'azu ne, ɗan baffanmu da ke kasuwanci a Maraɗi, ya gyara, a ganinsa ya share wa gida hawaye. Na karanta a hankali ina satar kallon Baba, ina tsammanin murmushin nan na bakin masallaci.

Baba ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Rabi, ina maganar tsohuwar nan? Ina ta gidan Jibo?"

Na ce an cire, Baba. Ya tambaya ko ana iya maido da abin da aka goge, na ce kundin ba ya yar da tsohon rubutu, yana nan a ajiye.

"To mai da shi yadda Laminu ya bar shi," in ji Baba. "Abin da anka hwaɗi ke nan, kuma shi ya rubuta."

Na mayar, da yatsa ɗaya. Rannan ne na fara jin sunan yayana a bakin mahaifinmu. Allah Ya jiƙan Laminu, Ya kai haske kabarinsa.