Kunnen Ƙawata

Shekarun baya, muna 'yan mata a unguwar Federal Low-Cost, ni da ƙawata muka je Bolari aka yi mana huji na biyu a saman kunne. Ita don Kirsimeti ta yi, ni kuwa don kar a bar ni a baya. Bayan 'yan watanni duk mu biyun wani tsiro ya fito mana a wurin, mai tauri da ƙaiƙayi. Nata ya ma fi nawa girma, kuma ba zan ɓoye ba, hakan ya yi min daɗi.

Babanta ya kai ta asibiti. Likita ya ce keloid ne, tabo ne da ba ya sanin inda zai tsaya, ya sa a riƙa yi mata allura a cikin tsiron duk wata. Takan dawo ido jajur. Ni kuwa wata gwaggona ta ce, "Wannan ɗan abin? Kawo zare." Ta ɗaure gindinsa tamau, bai yi sati uku ba ya bushe ya faɗi. Ranar har gidansu na je ina juya kai.

"Ke dai ki je likita ya duba," in ji ta.

Na ce, "Ki ji da allurarki."

Kafin shekara, nawa tsiron ya dawo, ya tashi daga ƙwayar gyaɗa ya kai dabino. Nata kuwa ya kwanta lif, sai ka matso za ka ga alama. A nan ƙyashi ya kama ni. Ba lafiyar kunnenta kaɗai ke ci min rai ba, har da cewa ita ce mai gaskiya. Na koma ɗaura ɗankwali har wuya. In na hango ta a bakin titi tana jiran keke, kitso a waje, sai in canja hanya. In an yabi kunnenta in ce ai jikinta ne mai kyau, ba aikin allura ba. Ta yi sallama gidanmu ya fi sau biyar ana ce mata ina barci.

Da ƙaiƙayi ya hana ni sakat, mahaifiyata ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Je ki tambaye ta wane likita ne."

Na fi minti goma a ƙofarsu kafin na shiga. Ina faɗa mata, takalmi kawai ta saka.

Likitan ya ce nawa ya wuce allura kaɗai. Sai an yanke, a bi da allurai, in kuma sa abin matse kunne na watanni, don yanka ba tare da su ba yakan dawo da shi fiye da da. Allurar farko na yi ihun da ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Hannun ƙawata na murɗe, wadda na shekara ba na gaisarwa.

Tsiron ya kwanta, amma gefen kunnen ya ɗan lanƙwashe. Na so in ce muku ƙyashin ya tafi gaba ɗaya, sai dai ƙarya ba kyau. Har yau in mun zauna, ɓangaren da ba na ganin kunnen nan nata nake zaɓa. Ta sani sarai. Ita ce ma take matsa min wuri.