Ranar da Zumunta Mata Suka Kamo Mana Sarkin Dako

Ni dai har gobe ban manta da ranar da zumunta mata, ƙungiyar nan ta matan coci, suka shigo mana asibiti da kiɗa ba. Ku sabbin nas-nas, ku matso. Na yi aiki a Yola, na yi Sakkwato, har Legas na je na sha wahalar motarsu, amma sai da na dawo Kafanchan na ga an kawo majinyaci da rawa.

Lokacin ina babban nas a ɗakin masu ciwon zuciya. Aikina auna hawan jini, in kwantar da mutum, in shafa masa man nan mai sanyi a ƙirji, Likita ya ɗora kan na'urar hoto ya duba. To na'urar nan guda ɗaya ce tak, kuma tana ɓangaren masu awon ciki. Duk namijin da za a duba wa zuciya, dole ya hau benci ɗaya da masu juna biyu.

Ana cikin haƙar citta wani manomi daga Kachia ya zo, Baba Ayuba, dogo ne har sai ya sunkuya a ƙofa. Hawan jini ya kawo shi. Da aka duba, Likita ya ga babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta yi sama ta ɗan buɗe fiye da kima. Ba ta kai a yi mata tiyata ba, amma ba a ƙyale ta. Ba ta ciwo, ba ta gargaɗi, ranar da ta gaji sai ta yage.

Likita ya ce, "Baba, a gidanku akwai wanda ya taɓa faɗuwa farat ɗaya?"

Ya ce, "Babanmu. Yana ɗaga buhu a gona, shi ke nan. Ƙanensa ma haka. Mu dai cewa muka yi jifa ne."

Likita ya ce ba jifa, abin na bin jini. Wasu gidajen da bangon jijiya mai rauni ake haihuwarsu, kamar yadda ake gadon tsawo. Don haka a kawo 'ya'yansa da waɗanda suka fito ciki ɗaya.

'Ya'ya suka zo, duk lafiya a lokacin, aka ce su riƙa dawowa. Saura ƙane guda, Sale. Tun yana yaye aka ba gwaggonsu riƙonsa a cikin Kafanchan, ya tashi Musulmi, yanzu shi ne sarkin 'yan dako a kasuwa. Mutumin da babansa ya mutu a ƙarƙashin buhu, shi kuma buhu ne sana'arsa, ga lodin citta ya kankama.

Likita ya ce, "Kai da ka iya baki, je ka lallaso shi."

Na je da farar rigata, na yi bayani kamar mai wa'azi. Sale ya saurara tsaf, ya ce, "Malam nas, na'urar nan ba ita ce ta masu ciki ba?" Yaransa suka kwashe da dariya. Ya shafa tumbinsa ya ce, "In wata tara ya cika zan zo." Har ruwan leda ya saya mini, ya sallame ni.

Baba Ayuba ya je, ya dawo hannu rabbana. Limamin unguwa ya yi magana, Sale ya ce to, bai zo ba.

Ashe mun manta da Mama Saratu, matar Baba Ayuba. Kun san wasan matar wa da ƙanen miji. Ita kaɗai ce a duniya za ta ci masa mutunci a tsakiyar kasuwa, kuma ba shi da ikon fushi. Ranar sun tashi daga taron zumunta da ankonsu, da tulun kiɗa da kacau-kacau, ta ce kowa ya biyo ta.

Wanda ya gani ya ce ta same shi da buhu a kafaɗa, ta ce, "Maigidana ƙarami, sauke! In yayanka ya tafi kai ne magajina, ba zan yi takaba sau biyu ba."

Ya ce, "Uwargida, ki rufa mini asiri."

"Asiri? Kai da na wanke wa wando ranar da ka zo hutu ka sha kunu ya yi maka yawa? In faɗa masu sauran?"

Buhu ya sauka da kansa.

Muna zaune sai muka ji kiɗa daga bakin get. Ga Sale a tsakiya, hula a karkace, mata na rera masa waƙar rakiyar amarya, 'yan dako na biye suna tafi. Mai gadi ya so ya hana, aka ja shi rawa. Masu ciki suka matsa masa a benci, wata ta ce, "Alhaji, na fari ne?" Na tsuguna bayan labule ina dariya har hawaye.

Da Likita ya ɗora na'ura sai ya ga abin da yake gudu. Jijiyar Sale ta fi ta yayansa buɗewa, jininsa kuma a sama. Likita ya juya masa allon ya nuna. Ba ɗaukar kaya mai nauyi daga yau, magani kullum, hoto a kai a kai, in ta ƙaru a tura shi babban asibiti. 'Ya'yansa ma su zo.

Sale ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Wannan ce ta kayar da Baba?"

Likita ya ce, "Mai yiwuwa. Shi ba wanda ya duba shi."

Ya fita ya tsaya gaban Mama Saratu, ya ce, "Uwargida, kin ci." Ta ce, "Na sani. Sayo wa mata lemo."

Yanzu in kun bi ta kasuwa za ku gan shi kan kujera, yana nuna wa yara da sanda, yana ƙorafin ƙiba.

Abin da na koya ke nan. Ciwon da ke bin jini ba mutum ɗaya ke gare ka ba, gida guda ne, kuma rabinsu ba su yarda ba su da lafiya ba. Farar riga ba ta kawo su. Tun daga ranar, in na gama tambayar wa ya haifi wa, sai in ƙara ɗaya: a gidan nan, wa ke da bakin da ba a yi masa fushi? Shi nake nema.