Kan Sandar Giya

Yaya direban tasi ne tun ina yaro, da motar nan ya riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba. Ni kuma gurza ƙarfe nake yi a inji, ina ƙera wa masu son ado kan sandar giyar mota.

Da hannunsa na dama ya fara mutuwa, sai ya zo shagona ya ce kan sandarsa ne ke zame masa. Na yi masa na alminiyon mai tsaga-tsaga, ya ce yana zafi a rana. Na yi na tagulla, ya ce ya yi santsi. Na koma katako, na fafe gurbin yatsunsa, na naɗe da fata.

Ranar gwaji ina zaune gefensa a cikin motar. Ya tura, sandar ba ta motsa ba. Ya sake turawa har gumi ya keto masa.

"Wannan ya fi duka kyau, ƙanena," ya ce. "Kada ka sake yin wani."

Na ɗora hannuna kan nasa, muka sa giya ɗaya. A haka muka lallaɓa gida, motoci na ta yi mana hon.