Malamar da Take Kwanciya a Ƙasa Ranar Laraba

Na Allah ne mu dukanmu, kuma gare Shi za mu koma.

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu na shekarar 2025, daidai da sha uku ga Sha'aban 1446, Allah ya karɓi ran Malama Aishatu Jalo, malamar nazarin halittu a makarantar sakandaren je-ka-ka-dawo da 'yata take karatu a Jimeta, kuma uwar ƙungiyar agajin gaggawa ta ɗaliban makarantar. Ta faɗi a cikin aji bayan azahar, ta cika a asibiti kafin magariba. Washegari da hantsi aka yi mata sutura a cikin garin Yola.

Ni ba ɗan'uwanta ba ne, kuma ba abokin aikinta ba ne. Sunana Ɗanburam, ina gyaran keken ɗinki a Nassarawo, gidana yana Rumde. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, sauran kuwa na tsince shi a cikin ƙananan takardun da ake rabawa a asibiti da ofisoshin lafiya. Idan an ga kuskure a rubutuna a yi mini afuwa.

Malama, da ke nake magana yanzu, ko da yake na san ba za ki amsa ba.

Kin san 'yata Yusrah tana da farfaɗiya tun tana firamare. Kin kuma san yadda mutanenmu suke ɗaukar wannan ciwo. Duk lokacin da ta faɗi, sai jama'a su watse, domin an gaya musu cewa wanda yawunta ya taɓa shi ma zai kamu. Wanda ya yi ƙarfin hali ya tsaya kuwa, cokali zai nema ya cusa mata a baki. Haƙorinta na gaba da ya guntule, aikin cokalin wani mai son taimako ne. Saboda haka na hana ta zuwa bakin kogi, na hana ta kusantar murhu, na hana ta gudu. Da ta ci jarrabawar shiga sakandare, ban yi murna ba. Abin da nake gani a zuciyata kawai shi ne 'yata a ƙasa tana jijjiga, yara sun kewaye ta daga nesa suna kallo.

Ranar da na kawo ta, na zo da jakar takarduna domin in yi wa malamai bayani. Aka tura ni wurinki. Na zazzage takardun a kan teburinki, kika ɗauki ta sama kika duba, kika ce, "Malam Ɗanburam, ai wannan ta tarin fuka ce. Shi ma tana da shi?" Kunya ta kama ni, na shiga lalube. Kika jira har na samo ta gaskiyar, kika karanta ta daga farko har ƙarshe ba ki tsallake layi ba. Sannan kika ce abin da ke ciki daidai ne, amma takarda ba za ta riƙe kan yarinya ba idan ta faɗi, 'yan ajinta ne za su riƙe. Kika ce in ba ki zango ɗaya.

Abin da kika yi, ban taɓa jin wani malami ya yi shi ba. Kowace Laraba, bayan an tashi daga darasi, lokacin da 'yan muhawara suke can suna musu, 'yan ƙungiyar manoma suna ban ruwa a lambun makaranta, ke kina tara naki a aji. Kina cikin magana, ba tare da gargaɗi ba, sai ki zube a kan siminti da zanenki mai tsabta, ki shiga jijjiga. Da farko yara suka riƙa tserewa ta taga. Sai ki tashi ki kakkaɓe jikinki, ki ce, "Kun kashe ni. Mu sake." Haka kika yi ta yi har suka iya. Wani ya janye benci, wata ta naɗe rigar sanyi ta sa miki a ƙarƙashin kai, wata ta cire miki tabarau ta sassauta mayafin wuyanki, idan jijjigar ta lafa su juya ki ta gefe, kuma babu mai kawo komai kusa da bakinki. Ɗaya kuma aikinta ta ruga ta kira babba. Da yake koyo ne, mai rugawar takan tsaya a bakin ƙofa ne ta ce, "Na kira," ta dawo.

Yusrah ta gaya mini cewa abu ɗaya ne kullum yake tona miki asiri. Kina da jin cakulkuli a wuya. Duk yadda kika daure, da zarar an taɓa mayafinki sai dariya ta kuɓuce miki, ki ce, "Mara lafiya ba ya dariya, ku ci gaba."

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Wasu iyaye sun ce bai dace matar aure mai 'ya'ya ta riƙa birgima a gaban ɗalibai ba. Kin amsa musu a taron iyaye da malamai, ina zaune a sahun baya. Kika ce zane yana wankuwa. A ranar kuma, da izinin Yusrah, kika sha ruwa a kofin da ta sha a gaban kowa.

Yusrah ta faɗi a makaranta tana aji biyu, lokacin jarrabawar lissafi. Da waya ta yi ƙara na ga lambarki, sai maƙwabcin shagona ya tare mini Keke Napep. Na iso na tarar da ita kwance ta gefe, kanta a kan cinyar Lilian, yarinyar da iyayenta suka zo daga kudancin jihar nan, wadda a da take sauya benci idan Yusrah ta zauna kusa da ita. Lilian tana share mata baki da gefen hankicinta. Ta ɗago ta ce mini, "Baba, kar ka damu, ya wuce. Yanzu za ta yi barci kaɗan." Ke kuma kika je kika roƙa aka sake ba Yusrah jarrabawar bayan ta huta, ta kuwa ci.

Daga nan karatunta ya miƙe. Yarinyar da take ɓuya a ƙarshen aji ta koma tana ɗaga hannu. Ta shiga gasar kacici-kacici ta kimiyya, kin raka su har Namtari, kina riƙe da maganinta a jakarki, kina kirana a hanya saboda kin san ina tsaye a bakin titi. Yanzu tana ajin ƙarshe, jarrabawar gama sakandare tana tafe a watan Mayu, kuma ta ce aikin jinya take so.

Ban taɓa daina jin tsoro ba, Malama, amma tsoron yana da wurin da nake ajiye shi da safe in tafi aiki. Wurin nan ke ce.

Abin da ya faru ranar Larabar nan, daga bakin yaran na ji shi, kuma zan rubuta shi yadda yake domin a daina ƙara masa gishiri a gari. Kina koya wa sababbin ɗalibai ɗaure rauni, manyan suna taimaka miki. Kika dafa kanki, kika zube. Babu wanda ya firgita, domin ke kika cire musu firgita. Aka janye benci. Aka sa miki riga a ƙarƙashin kai. Aka juya ki ta gefe. Lilian ce mai rugawa a ranar, ta je bakin ƙofa ta ce, "Na kira," ta dawo. Wata ma ta ce wa sababbin su lura da kyau, yau Malama ta iya wasan sosai. Suka tsaya suna jira ki tashi ki faɗa musu inda suka yi kuskure.

Yusrah ce ta durƙusa ta sassauta mayafinki. Yatsunta suka taɓa wuyanki, ba ki yi dariya ba. Ta sake taɓawa. Sai ta ga gefen bakinki ya karkace. 'Yata, wadda na hana gudu tun tana ƙarama, ita ce ta tsallake filin ƙwallo a guje har ofishin shugaban makaranta.

Likita ya gaya wa mijinki, Malam Zubair, cewa jijiyar jini ce ta fashe a kai, kuma ko a ƙofar asibiti kika faɗi, da wuya a iya yin wani abu. Ya ce kwanciyar da yaran suka yi miki daidai ce. Malam Zubair da kansa ya zo makaranta ya maimaita wannan magana a gaban ɗalibai, Allah ya saka masa. Ina roƙon masu cewa yara sun tsaya kallo malamarsu tana mutuwa su ji tsoron Allah. Yaran sun yi abin da aka koya musu, da hannuwansu, ba su gudu ba.

Amma ni, daga makabarta na dawo na ce Yusrah ta gama makaranta. Yayata Goggo Sabuwa ta goyi bayana, ta ce wadda take tsare ta ta tafi, a bar yarinya a gida inda ido yake. Na yi ta juya abin a raina: idan ta faɗi a ɗakin jarrabawa a gaban baƙin masu sa ido fa? Idan wani ya kawo cokali? Idan ta faɗi a matakala? Idan baƙin cikin rashinki ya tayar mata da ciwon, tunda takardar ta ce damuwa tana tayar da shi? Na ɗauke takalmanta na makaranta na kulle a shago. Ba ta yi mini musu ba. Ta daina cin abinci sosai, ta daina buɗe littafi, mako guda da 'yan kwanaki tana zaune a tsakar gida tana kallon bango.

Ranar Lahadi da yamma Lilian ta zo, da kayan coci a jikinta. Ta rame. Ta gaishe ni a zaure, ta ƙi zama a kan tabarma.

Ta ce, "Baba, ni ce na tsaya a ƙofa. Tun ranar ba na iya wuce ƙofar nan."

Na ce mata likita ya riga ya yi magana, babu laifinta.

Ta ce, "Na ji. Amma shugaban makaranta ya ce za a rufe kulob ɗinmu na agaji, babu wanda zai kwanta. Malamai duka suna tsoro. 'Yan aji ɗaya kuma ba su iya komai ba tukuna, akwai wani yaro a cikinsu mai irin ciwon Yusrah, babansa ya ɓoye."

Ban san Yusrah tana bayan labule ba sai da na ji muryarta.

"Baba, ni zan kwanta."

Na ce ta koma ciki. Ba ta koma ba.

"Duk makarantar babu wanda ya san faɗuwa kamar ni. Malama ma ni take tambaya ko ta yi daidai."

Na faɗi abin da ya fi ba ni tsoro. Na ce, idan kika kwanta da wasa, ciwon ya zo da gaske, su kuma suka tsaya jira ki tashi fa?

Lilian ce ta amsa. Ta ce sun riga sun yi shawara: daga yanzu babu mai tsayawa a ƙofa. Ko koyo ne ko gaske ne, mai rugawa zai je har ofis ya dawo da babba a bayansa. Ta ce, "Shugaba ya yarda. Ya ce ko sau goma ne a rana zai taso, wai dama likita ya ce ya rage tumbi."

Goggo Sabuwa ta yi dariya daga ɗaki ba da niyya ba. Ni ban yi ba. Na zauna ina kallon yaran nan biyu, na tuna cewa ranar da ciwon ya kama Yusrah a cikin jarrabawar lissafi, ba kya ajin. Kina wani gini kina koyarwa. Kafin ki iso sun gama komai. Shekaru ina zaton ke kike tsare mini ita, ashe tun tuni kin raba aikin ga yara masu yawa, kin koma gefe.

Ranar Litinin na buɗe shago da sassafe na ɗauko takalman.

Yau Laraba, Malama. Ina rubuta wannan a kan teburin aikina, ga keken wani tela a buɗe ban taɓa shi ba, ga waya a gabana na ƙure mata ƙara. Nan da an jima 'yata za ta zube a kan simintin da kika zube, da gangan, a gaban yaran da ba su san ta ba. Na duba ta sha maganinta, na sake dubawa. Ban sani ba ko na yi daidai, kuma babu ke balle in kira in tambaya. Duk da haka ban je na tsaya a bakin makarantar ba, domin ta roƙe ni kada in je, na kuma yi mata alkawari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Zubair da 'ya'yansu, da mahaifiyarta da ke Yola, da dukan dangin Jalo, da malamai da ɗaliban makarantar, Musulminsu da Kiristansu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ta bari, ya sanyaya zuciyar yaran da suke cikin ajin nan a ranar.

Malama, ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabarinki. Na ga lokacin da aka kwantar da ke ta gefen dama, aka gyara miki kai a hankali, yadda kika koya wa 'ya'yanmu su yi wa wanda ya faɗi. Ya Allah, baiwarka Aishatu ta sha kwanciya a kan siminti saboda 'ya'yan mutane. Ka yalwata mata makwancinta, ka haskaka shi, ka gafarta mata kurakuranta, ka sa duk yaron da aka juya ta gefe aka share masa baki ya zama nauyi a mizaninta. Ka tashe ta cikin aminci ranar da za a tashi, ka sada ta da Aljannar Firdausi. Ka kuma tsare mini Yusrah yau da yamma. Amin.

Ɗanburam mai gyaran keke,
Rumde, Jimeta.