Rigata Mai Lamba Takwas

Jiya a kasuwar Ataba, nan Masar, wani mai sayar da usur ya busa ɗaya, na waiwaya da kwali a kaina kamar ni ake kira. Kocinmu ne ya faɗo min a rai. Shekara talatin yana horar da 'yan ƙwallon kwalejinmu a Kano.

Ranar da na bar karatu, ya ninke rigata ya sa a jakarsa mai warin man zafi.

"Ɗana, ba aji, ba ƙwallo. In ka dawo, tana nan."

Na yi fushi, na taho Masar, inda ba wanda ya san na taɓa buga ƙwallo. Da ya rasu bara, a ninke aka tarar da rigar. Bai ba kowa ba.

Allah ya jiƙanka, Koci. Ya sa ka tarar da ƙofa a buɗe, yadda ka bar min.